Maguɗiya Da Bakin Suda: Ƙananan Tsirran Dajin Tambuwal Da Kebbe Da Sunayensu Ke Neman Kuɓuce Mana

Idan damina ta fara ja da baya, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, gero ya shiga rumbu, dawa kuma tana jiran lokacinta, akwai wani ɗan tsiro da yake cika jigayi da saurukan ƙasar Tambuwal da Kebbe. Tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba. Karansa siriri ne, ganyensa ƙanana masu tsini kamar allura, a samansa kuma ƙananan furanni farare sun dunƙule wuri guda suna ɗaukar ido kamar azurfa idan rana ta haska su. In ka tsinko ka murza a tafin hannu, sai ka ji suna ƙaras-ƙaras kamar busasshiyar takarda.

Makiyayi yana wuce shi da garkensa, ɗan makaranta yana taka shi a hanyarsa ta zuwa aji, mai sassabe yana share shi da sauran haki. Amma wannan ɗan tsiro yana da suna, har ma sunaye. Kakanninmu sun kira shi maguɗiya, sun kira shi mai nasara, sun kira shi hular tsoho. Yana da ɗan uwa da suka yi kama sosai, wanda ake ce wa bakin suda. A yau, a cikinmu matasan da muka taso da waya a hannu, mutum nawa ne zai iya nuna ɗaya daga cikinsu idan aka ambaci sunansa? Wannan tambayar ce ta sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan uwanmu ɗalibai labarinsu a wannan mako.

Dangin da suka fito

Masana ilimin tsirrai suna kasa tsirran duniya dangi-dangi, kamar yadda mu ma muke da zuri'a da gidaje. Tun daga shekarar 1753, lokacin da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da littafinsa a kan nau'o'in tsirrai, kowane tsiro yake da suna biyu na Latin: na farko sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. A wannan tsari, maguɗiya ita ce Polycarpaea linearifolia, bakin suda kuma Polycarpaea corymbosa. Kalmar Polycarpaea daga harshen Girka take, ma'anarta mai 'ya'ya da yawa, saboda tarin ƙananan ƙwansunan iri da tsiron yake yi.

Babban danginsu shi ne Caryophyllaceae, wanda ya ƙunshi nau'o'i fiye da 2,000. Yadda dangin ya sami wannan suna ma abin sha'awa ne. Fitaccen ɗan dangin shi ne furen kaneshan, wanda Turawa suke nomawa don ado da kyauta. Ƙamshinsa yana kama da na kanumfari, shi kuwa kanumfari a tsohon harshen masana sunansa caryophyllus. Sai aka ara wa furen sunan, daga nan dangin gaba ɗaya ya gada. Shi kanumfarin da iyayenmu mata suke sa wa a kunu da yaji ba ya cikin dangin ko kaɗan, ɗan uwan gwaiba ne.

Akwai alamomin da ake gane 'yan wannan dangi da su. Ganyayensu suna fitowa bibbiyu, suna fuskantar juna a jikin kara. Gaɓoɓin karan sukan ɗan kumbura a inda ganyen ya fito. Furen yawanci yana da ɓangarori biyar. Duk wanda ya tsuguna ya duba maguɗiya da kyau zai ga waɗannan alamomi, sai dai a wajenta ainihin furen ƙarami ne ƙwarai. Farin da muke hangowa daga nesa na busassun ɓawon da suka rufe furen ne, shi ya sa ko bayan tsiron ya mutu kansa yake nan fari fat har cikin hunturu.

'Yan uwansu na ƙasashen sanyi

Mafi yawan 'yan wannan dangi a ƙasashen sanyi suke, musamman Turai da yankin tekun Bahar Rum da Asiya. A dazuzzukan Ingila da Jamus da Faransa akwai wani mai suna Stellaria holostea, ɗan ƙaramin tsiro mai farin fure kamar tauraro, wanda yake fitowa a gindin manyan itatuwa tsakanin Afrilu da Yuni. A ƙasar Sin akwai Pseudostellaria heterophylla, shi ma farin fure gare shi, ana noma shi saboda saiwarsa da suke sa wa cikin magungunansu na gargajiya. Akwai Saponaria, wanda saiwarsa take kumfa a ruwa, mutanen da suka riƙa wanke tufafi da ita, kamar yadda a nan ƙasarmu aka san aduwa da wannan aiki.

Dangi ne mai juriya. A nahiyar Antaktika, inda ƙanƙara ta rufe kusan ko'ina, tsirrai masu fure guda biyu ne kacal 'yan asalin wurin, ɗaya daga cikinsu kuma ɗan wannan dangi ne. A shekarar 2012 wasu masana a Rasha suka ba da sanarwar cewa sun tayar da wani tsiro na dangin daga 'ya'yansa da aka tono a tsohon ramin kurege a cikin daskararriyar ƙasar Siberiya, bayan sun shafe sama da shekara 30,000 a binne. Tsiron ya girma, ya yi fure fari, har ya ba da iri.

To me ya sa na Turai suke rayuwa shekara da shekaru a wuri guda, namu kuwa yawanci damina ɗaya suke yi su mutu? Amsar tana ga yanayi. A can, ƙasar daji ba ta rabuwa da danshi, don haka tsiro yana iya kwantar da saiwarsa a ƙasa lokacin sanyi, ya sake tohowa idan gari ya yi ɗumi. A nan kuwa ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba yake, sauran watannin rani ne da iskar hunturu da zafin bazara. Ɗan tsiro mai siririyar saiwa a cikin rairayi ba zai iya jure wannan ba. Dabarar maguɗiya ita ce ta yi sauri: ta tsiro, ta yi fure, ta zubar da iri mai yawa kafin ƙasa ta bushe. Irin ne yake kwana cikin rairayi yana jiran ruwan baɗi. Da ɗan Turai da namu matsala ɗaya suke warwarewa, wato yadda za a tsallake mugun lokaci, kowa da hanyar da ƙasarsa ta koya masa.

Shi bakin suda ma matafiyi ne. Ana samunsa a sassa da dama na Afirka, da Indiya, da Ostireliya, har da Kudancin Amurka. A Indiya masu maganin gargajiya sun daɗe suna amfani da shi. Wani ɗan gidansu a arewacin Ostireliya ya yi suna wajen masu haƙar ma'adinai, domin yana son fitowa a ƙasar da take da tagulla, har ya zama alamar da ake bi wajen nemanta.

Abin da sunayen suke faɗa

Bahaushe ba ya raɗa wa tsiro suna a banza. Hular tsoho kwatance ne da ido: dunƙulallen farin kai a saman siririn jiki, kamar dattijo ya ɗora farar hula. Ko a Turance, sunan da ake kiran bakin suda da shi ma'anarsa hular tsoho ke nan. Maguɗiya kuwa mun san ta a gidan biki, ita ce mai rangaɗa guɗa idan abin farin ciki ya samu. Mai nasara kuma ba ya buƙatar fassara. Sunayen nan biyu suna nuna matsayin da tsiron ya taɓa samu a wajen mutanen da, waɗanda suke sa shi cikin haɗe-haɗensu na gargajiya. Suda kuwa tsuntsuwa ce da aka sani da yawan zance.

Haka sauran sunayen hakukuwanmu suke. Nonon kurciya farin ruwa yake fitarwa idan an karya shi. Wuta-wuta, wanda wasu suke ce wa ƙuduji, yana ƙone gero da dawa tun suna tsaye, domin saiwarsa tana maƙale wa tasu tana tsotse musu abinci. Alkamar tururuwa, rai-ɗore, uwar magunguna, kowanne ka ɗauka za ka tarar da darasi a cikin sunansa: ko kamanninsa, ko amfaninsa, ko illarsa. Wanda ya san sunan ya riga ya sami rabin ilimin tsiron.

Dalilin da ya sa muke iya haɗa waɗannan sunaye da na Latin a yau shi ne an rubuta su. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna John McEwen Dalziel, wanda ya zo aiki Arewacin Najeriya a farkon mulkin Turawa, ya riƙa tattara tsirrai yana tambayar sunayensu. A 1916 ya fitar da ƙaramin ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, inda har yake nuna sunan da Sakkwatawa suke amfani da shi idan ya bambanta da na Kano ko Katsina. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da littafi a kan tsirrai masu amfani na yankin. A 1980 wani masani ɗan Najeriya, Z. O. Gbile, na Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, ya sake tattara sunayen tsirrai da Hausa.

Sai dai mu tuna, Dalziel bai ƙirƙiro ko suna ɗaya ba. Manoma da maharba da makiyaya da wanzamai da ungozomomi ne suka faɗa masa, mutanen da ba a rubuta sunayensu a bangon littafin ba. Ilimin nasu ne, wato namu ne. Abin takaici shi ne a wayi gari jikokinsu sai sun buɗe littafin Bature na shekara ɗari da suka wuce kafin su san sunan hakin da ke bayan gidansu.

Dajin kudancin Sakkwato

Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato, sun yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar, shi ya sa itatuwa suka fi yawa, ciyawa ta fi tsawo. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum kimanin 225,000, Kebbe kuma kimanin 124,000, alhali Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa har yanzu ake samun sauran daji a wajejen Kuchi da Girkau da Margai da Sangi fiye da yadda ake samu a bakin babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega. Ko sunan garin Dogon Daji kaɗai ya isa ya gaya mana yadda yankin yake a da.

Dajin namu hawa-hawa ne. A sama akwai manyan itatuwa: kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, kirya, marke, kanya da gawo. A tsakiya akwai sabara da geza da kalgo da magarya. A ƙasa kuma, inda ido bai cika sauka ba, nan ne duniyar ƙananan tsirrai take: gamba da kyasuwa da burburwa da harkiya, gadagi da dabbobi suke so, tafasa da gasaya da lalo da karkashi da yaɗiya da suke shiga tukunya, sai su maguɗiya a filayen rairayi da ke tsakanin itatuwa. A fadamun Gulbin Zamfara kuma wasu iri ne daban, masu son laka da ruwa.

Idan ana maganar kare daji, hawan sama kaɗai ake kallo. Ana ƙirga itatuwan da aka sare, ana ƙirga waɗanda aka dasa. Wasu malamai biyu a Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, sun raɗa wa irin wannan hali suna a ƙarshen shekarun 1990, suka kira shi makantar tsirrai: mutum ya ga akuya ya ga tsuntsu, amma abin da akuyar take ci da wanda tsuntsun ya sauka a kai duk ya zama kore kawai a idonsa. In har manyan itatuwa suna fama da wannan makanta, ina ga hakin da bai kai gwiwa ba?

Abin da ke cinye su

Ita maguɗiya ba ta cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu a duniya, domin tana da yawa a ƙasashen Afirka ta Yamma. Abin da yake raguwa a wajenmu shi ne wuraren da ita da maƙwabtanta suke fitowa, da kuma mutanen da suka san su.

Na farko, saura tana ƙarewa. A da manomi yakan bar gona ta huta shekara biyu ko uku, a nan ne ƙananan tsirrai suke samun damar zubar da iri. Yanzu jama'a ta ƙaru, gonar gado an raba ta gida-gida, babu wanda yake da filin da zai bari ya huta. Har burtalin shanu ma noma yana cinye shi a wurare da dama.

Na biyu, maganin feshi. Ba mai musun cewa ya rage wa manomi wahalar noma da kuɗin ƙwadago. Amma feshi ba ya tambayar sunan haki. Da wuta-wuta da tafasa da gasaya duk ɗaya ne a wajensa. Hannun mai fartanya yakan tsallake ganyen miya ya bar wa matan gida, bututun feshi kuwa ba ya tsallake komai. Idan aka shekara biyar ana feshe wuri kafin tsirrai su yi iri, ajiyar irin da ke cikin ƙasa sai ta yi ta raguwa.

Na uku, gawayi da itacen girki. Kirya da marke su ne masu gawayi suka fi nema saboda ƙarfin iccensu. Idan babban icce ya faɗi, inuwarsa ta tafi, ganyen da yake zubarwa ya zama taki ya tafi, iska ta sami hanyar kwashe ƙasar sama. Tsirran da suka saba da gindinsa su ma sai su bi shi. Ga kuma ƙunar daji da ake yi da rani don farautar gafiya da zomo, wadda take cinye iri da ƙananan tsiro baki ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ciwo, wato rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi sassan Sakkwato da Zamfara da Kebbi sun sa daji ya zama wurin tsoro a ƙauyuka da yawa. Ilimin tsirrai kuwa a tafe ake koyonsa. Yarinya tana bin kakarta ɗibar ganye, yaro yana bin babansa kiwo ko saran icce, ana tafe ana nuna masa: wannan ana ci, wannan yana kashe akuya, wannan ake dafa wa mai jego. Idan tafiyar ta tsaya, makarantar ta rufe ke nan. Tsoho yana gida da iliminsa, yaro yana gida da wayarsa, tsiron yana can daji, ba mai haɗa su.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Rahoton da gidan binciken tsirrai na Kew da ke Landan ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa biyu cikin kowane biyar na nau'o'in tsirran duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya duba harsuna 236 a Arewacin Amurka da yankin Amazon da tsibirin Niyu Gini, ya gano cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na amfanin magani da aka sani a jikin tsirrai, a harshe ɗaya tak aka san kowannensu. Hausa ba ta cikin harsunan da ake tsoron mutuwarsu, amma harshe yana iya zama da rai a kasuwa da rediyo alhali kalmominsa na daji suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Ina amfanin haki?

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, wa yake ta haki? Amsa ta farko tana cikin kwanon abincinmu. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, kwaɗon tafasa da na yaɗiya da gasaya ne suke riƙe gidaje da yawa. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya sa musu taki. Amsa ta biyu tana ga dabbobi, domin kiwon ƙauye a kan waɗannan hakukuwa ya dogara. Ta uku tana ga ƙasar kanta: saiwoyinsu suna riƙe rairayi, ganyensu yana rage ƙarfin ɗigon ruwa, busasshen jikinsu yana tare iskar hunturu. Inda aka share su ƙaf, nan zaizaya take fara cin gona. Furanninsu kuma abincin ƙudan zuma ne da sauran ƙwarin da suke ɗaukar ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan.

Sai kuma magani. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau, tushensa wani haki ne na ƙasar Sin. Masaniya Tu Youyou da abokan aikinta ne suka ciro sinadarinsa a farkon shekarun 1970 bayan sun bi diddigin tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar da maganin Niprisan don masu ciwon sikila daga haɗin gargajiya na tsirrai huɗu, cikinsu har da kanumfari da masoro da karan dafi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Amma a kula: wannan ba izini ba ne ga kowa ya tsinko haki ya jiƙa ya sha. Wasu tsirran guba ne, wasu kuma suna kama da juna har su ruɗi wanda ya ƙware. Tsakanin daji da kwalbar magani akwai ɗakin gwaji da shekaru na bincike.

Darasi daga Maraɗi

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna cewa ƙasar da ta tsiraita tana iya dawowa. Tun daga shekarun 1980, manoman yankin Maraɗi suka fara barin tohon da yake fitowa daga kututturan itatuwa a gonakinsu. Maimakon su sassabe shi duka, sai su zaɓi rassa masu ƙarfi su gyara su bar su su girma. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba tare da an dasa su ba. Inda gawo da kalgo suka dawo, ƙasa takan yi laushi, ƙananan tsirrai su biyo baya.

A namu ɓangaren, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da suke cin gajiyar shirin ACReSAL da Bankin Duniya yake tallafa wa. Roƙonmu ga masu gudanar da waɗannan shirye-shirye shi ne, idan an zo auna nasara kada a tsaya ga yawan dashen da aka yi. A duba abin da ya tsiro a gindinsu, a kuma fifita itatuwan gida a kan baƙi.

Aikin da kowace makaranta za ta iya

Ba sai an jira gwamnati ba. Makarantar sakandare a Jabo ko Sanyinna ko Kebbe tana iya kafa nata ɗan ɗakin ajiyar tsirrai da kayan da ba su kai kuɗin katin waya ba. Ana buƙatar tsofaffin jaridu, faifan katako biyu, dutse mai nauyi, farar takarda mai kauri da gam. A tsinko tsiro da ganyensa da furensa, in da hali har da saiwa. A shimfiɗa shi tsakanin jaridu, a danne da katako da dutse, a riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe, yawanci cikin mako ɗaya ko biyu. Sannan a manna shi a takarda, a rubuta sunansa da Hausa, da Fulatanci idan an samu, da wurin da aka samo shi, da kwanan wata, da irin ƙasar, da abin da manya suka ce ana yi da shi. Ainihin abin da ake yi ke nan a Kew, inda suke da irin waɗannan takardu kimanin miliyan 7, haka ma a Ibadan da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ga wani gwajin da zai taimaka wa masu shirin jarrabawar WAEC da NECO a darasin nazarin halittu. A ɗaure sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya su zama murabba'i. A ajiye shi a wurare goma daban-daban, a ƙirga nau'o'in tsirran da suke ciki. A gwada gindin kalgo da fili tsirara, a gwada gefen gonar da ake feshewa da wadda ake nomewa da hannu. A maimaita a Agusta da Oktoba da Fabrairu. Ajin da ya yi haka shekara uku a jere zai mallaki bayanin da babu shi a kowane littafin karatu.

Wayar hannu ma tana da rana. Manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna ƙoƙarin gane tsiro daga hotonsa, kodayake sukan yi kuskure a kan namu saboda hotunan yankinmu ba su da yawa a rumbunsu. Kowane hoto mai kyau da muka ɗora yana rage wannan giɓi. Sai dai a kiyaye: a tsaya kusa da makaranta da bakin gari, a tafi tare da malami, a sa takalmi mai rufi saboda maciji, kada a ɗanɗana abin da ba a sani ba, kada kuma a tumɓuke tsiron da aka ga guda ɗaya ne tak a wurin.

Mataki mafi sauƙi kuwa a cikin gida yake. Hutun nan da yake tafe, kowannenmu ya ɗebo hakukuwa goma daga bayan gari, ya shimfiɗa su a gaban kakarsa ko wani dattijon unguwa, ya ce: Iya, ko Baba, mene ne sunan wannan, me ake yi da shi? Ya rubuta abin da aka faɗa masa yadda aka faɗe shi, da Sakkwatancinsa, kada ya gyara. Idan aji mai ɗalibai 40 ya yi haka, an sami amsa 400 a hutu guda. Malaman kimiyya da na Hausa su haɗa kai su tace su, su adana a ɗakin karatun makaranta, su aika kwafi ga jami'a. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna nan da ransu a Faga da Bashire da Ungushi da Fakku, kuma yawancinsu jira suke a tambaye su.